Tsakanin Girar Inna

Ni 'yar fari ce, kuma duk wadda aka haifa 'yar fari a cikin garin Daura a zamaninmu ta san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Sunana Safiyatu, suna mai daɗi wanda ubana ya zaɓa ya yanka masa rago, amma a bakin Inna ni "waccan" ce. Ranar da ta so ta ƙara mini girma sai in zama "mutanen gidan nan". Tana zaune ina zaune, tsakaninmu bai fi faɗin tabarma ba, sai ka ji ta dubi akuya ko bango ta ce, "A ce da waccan wutar ta yi yawa." Ni kuma in tashi in zare itace.

Kunya ce, haka ta taso ta ga uwarta ta yi mata. Ƙannena kuwa, Mansur da autarmu Khairat, sunansu take kira gatsau, ta zage su, ta yi musu wasa, har ta zauna tana tsefe wa Khairat kai suna gulmar mutane. Na ji haushin wannan abu ina yarinya, kuma ban daina ji ba da na girma. Shi ya sa da na haifi tawa 'yar farin, Sumayya, nake rangaɗa sunanta har maƙwabta su ji, suna cewa ba ni da ta ido.

Amma Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuma fuskar Inna na tambaya tun ban san hannun damana ba. Tana da layi biyu a tsakanin girarta. In suka fito suka yi zurfi, to ba ta yarda ba, ko tana jin tsoron wani abu a kaina. Tana kuma da wasu 'yan ƙananan layuka a gefen ido, waɗanda ke tattarewa ko bakinta bai motsa ba. In na ga waɗannan, na san na yi daidai. Da su na san ta ji daɗin ranar da na yi sauka. Da su na san tana son Isyaku, mijina na fari, tun ranar da ya zo gaisuwa ya durƙusa daga bakin zaure. Da ya rasu, ranar da aka dawo da ni gida bayan takaba, ba ta ce mini ko sannu ba, amma layukan tsakanin girarta sun yi mako ba su kwanta ba, kuma wannan ya ishe ni.

Sana'ar Inna ƙuli-ƙuli ce da man gyaɗa. Daga Zango ake kawo mata gyaɗar, mu soya, mu kai niƙa, mu matse. Duk unguwarmu in aka ce ƙulin Kande, an gama magana. Ni da ita muke yi tun da na dawo, ba hira, sai ƙarar muciya da maganar da take aika mini ta hannun akuya.

Ciwon ya fara ne da ƙiftawa. Da farko Gwaggo Shatu, ƙanwar babanmu da ke katanga ɗaya da mu, ta ce ai ido in yana rawa baƙo za a yi. Baƙo bai zo ba, ƙiftawa ta ƙaru. Aka ce hayaƙi ne, aka ce kwalli ne, aka ce iska ce. An yi hayaƙi, an yi rubutu, an ɗiga duk abin ɗigawa da ke kemis. Kafin shekara ta zagayo, idanun Inna sun koma rufewa da kansu, gam, kamar wani ne ya sa hannu ya matse su. Sai ta tsaya cak a tsakar gida tana jira su sake ta. Ido lafiya lau, gani garau, amma murfin ya ƙi buɗuwa. Da yatsa take ɗaga shi in za ta ga ƙofar ban ɗaki. Ranar da suka rufe tana tsaka da tsame ƙuli, ta tsoma gefen hannunta a tafasasshen mai, ranar na kira Khairat a waya na yi mata tas, na ce in suna da uwa su zo su ɗauka.

Khairat a Kano take aure, tana da shagon sayar da atamfa da leshi. Ta zo washegari, ta zauna ta ƙura wa Inna ido, sannan ta ce ta san wata likitar ido da ke maganin irin wannan da allura.

"Wace irin allura?" in ji ni.

"Botoks ake ce mata, Yaya. Irin wadda nake yi ce."

Sai a lokacin na dube ta da kyau. Ashe shi ya sa goshinta ya koma kamar bayan faranti. Khairat ce ta gaji layukan Inna sak, tun tana budurwa in tana tunani sai ka rantse faɗa za ta yi. Ta ce masu sayayya suna cewa kullum a murtuke take, har wata ta taɓa tambayarta ko dole aka yi mata ta buɗe shagon. Shi ne ta je aka tsira mata allura a tsakanin gira, naman wurin ya kwanta, ko ta so ta haɗe rai ba ya haɗuwa. Na yi mata dariya, na ce to in mijinta ya ɓata mata rai sai dai ta rubuta masa a takarda. Amma a zuciyata abin ya tsaya mini. Layukan da na ƙare rayuwata ina karantawa kamar allo, ita ta gaje su kyauta, ta je ta biya aka goge.

Inna kuwa da ta ji, sai ta ce Allah ya kiyashe ta. Ta sha jin wa'azi a rediyo kan mata masu canza halittar Ubangiji, masu shafe-shafe da masu allurar ƙarin nan da ragin can. Ita da furfurarta ba za ta je a mayar da ita 'yar kwalisa ba, ta tashi gaban Allah da fuskar da ba tata ba. Sai da Mansur ya ɗauko Malam Amadu, limamin masallacin unguwarmu. Ya tsaya daga zaure ya saurari bayani, ya ce, "Hajiya Kande, wuƙar da mahauci ke yanka da ita, da ita ɓarawo ke tare hanya. Niyya ake dubawa. Ke gani kike nema, ki ga alƙibla, ki ga jikokinki. Wannan magani ne, ki je." Khairat ta leƙo ta ce, "Malam, ni fa?" Ya ce ita ta zo wata rana da mijinta, zancenta mai tsawo ne.

Muka ɗauki hanyar Kazaure zuwa Kano, Inna ta rufe fuska da mayafi saboda haske yana tayar mata da ciwon. Likitar mace ce mai sanyin magana. Ta ce naman da ke kewaye da ido ne yake damƙewa ba da izini ba, allurar kuma ba ta warkar da shi, kwantar da shi take yi. Bayan kamar wata uku ƙarfinta zai tafi, sai a dawo a sake. Ta ɗauko wata 'yar siririyar allura ta bi gefen idanun Inna tana tsirawa kaɗan-kaɗan, ta hau kan murfin, ta zo tsakanin gira ta tsira nan ma. Inna carbinta kawai take ja. Ni ce ma na kau da kai.

Ba a yi mako ba idanun suka buɗe. Na fito da safe na tarar da ita a tsakar gida tana kallon bishiyar darbejiya kamar yau aka dasa ta. Ta ce da akuya, "Ashe haka waccan ta bar gidan nan ya yi ƙura." Wallahi daɗin da na ji ranar, ko kujerar Makka aka ba ni sai haka. Na ɗauki tsintsiya ina shara ina hawaye.

Mata suka yi ta shigowa barka. Gwaggo Shatu ta riƙe haɓa ta ce, "Kande, wannan ai sai mu sa maki lalle! Ina tsufan ya tafi?" Aka yi ta shewa. Gaskiya ne, gefen idanunta ya miƙe, tsakanin girarta ya kwanta luf, sai ɗan sawu kamar inda aka taɓa naɗe takarda. Ni ma na yi dariyar tare da su. Sai da na kawo mata kunu, na sa tsamiya daidai yadda take so, na tsaya ina jiran gefen idon ya tattare, na ga shiru. Ta sha ta ajiye kofin. Washegari da gangan na bar ƙuli ya ƙone, na dubi tsakanin girarta, nan ma shiru. A nan na gane abin da allurar ta tafi da shi.

A cikin wannan hali Mainasara ya fito. Ɗan Zango ne, wan mai kawo mana gyaɗa, amma zamansa a Shagamu, can ƙasar Yarbawa, yana fataucin goro. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun girma. Mutum ne mai fara'a, ga wani giɓi da yake ɓoyewa in zai yi dariya. Ba zan yi ƙarya ba, na so shi, kuma na gaji da kwana ni kaɗai ina jin kukan akuya. Sai dai ya faɗa mini tun farko, in an ɗaura, can za mu zauna, gida sai da salla.

Ni bazawara ce, ba wanda zai zaɓa mini. Mansur ya ce shi bai ga aibu ba, kuma matarsa za ta dawo gidan da yara su zauna da Inna. Khairat ta ce in ban aure shi ba ita za ta kai ni asibiti a duba kaina. Abu ɗaya ya rage mini: Inna tana so in tafi, ko tana so in zauna? In ta ce zauna, wallahi zama zan yi, ba tare da na ji ciwo ba. In ta ce tafi, in tafi da haske a zuciyata. Abin da ba zan iya ba shi ne in tafi ban sani ba.

Ranar da Mainasara ya zo gaishe ta, na laɓe a bakin madafi inda nake ganin fuskarta sosai. Ya durƙusa, ya gaishe ta, ya ajiye huhun goro ɗan ƙarami. Ta amsa, ta sa albarka, ta tambayi mutanen Zango da yadda gyaɗa ta yi bana. Na duba tsakanin gira, na duba gefen ido, na sake dubawa har idona ya yi ruwa. Ba komai a wurin. Da maƙiyinta ne ya zo, da masoyinta ne, fuskar ɗaya ce.

Na aika Gwaggo Shatu ta bugi cikinta. Ta dawo ta ce, "Cewa ta yi, waccan ba yarinya ba ce, ta san abin da ya fi mata."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, 'yar nan. Me kike so ta ce? Kin taɓa jin uwa ta sa baki a zancen 'yar fari?"

Na san haka ne, amma zuciya ba ta da ƙashi. Na fara gaya wa kaina cewa ƙila ma tun can babu komai a layukan nan, ni ce na ƙirƙiri karatuna don in rarrashi kaina. Ƙila tsufa ne kawai da hasken rana. Wannan tunani ya fi komai yi mini ciwo, domin in haka ne, shekara arba'in da 'yan kai ina hira da bango. Na koma yin aiki da fushi, ina dangwarar da kwano, ina amsa wa akuya maganarta da gatse. Mainasara yana ta waya yana tambayar ranar da zai turo manya, ina ce masa ya ƙara haƙuri.

Wata uku ya cika, ƙiftawa ta fara dawowa. Khairat ta kira ta ce ta karɓar mana rana wurin likita. Mansur ya zo da mota da sassafe, na shirya, na ɗauko mayafin Inna. Tana zaune a kan tabarma ta ce, "Mansur, mayar da motarka. Ba inda za ni."

Muka yi juyin duniya. Mansur ya tambaya ko allurar ce da zafi, ta ce ta haifi 'ya'ya ba a asibiti ba, allura ce za ta ba ta tsoro? Ya ce ko zancen halacci ne ya dawo, a kira Malam, ta ce Malam ya riga ya yi magana. To mene ne? Ta ce ba yanzu ba. Khairat ta yi kuka a waya, Inna ta ce da ita, "Auta, kashe wayarki, kuɗinki na ƙonewa."

Kwanaki suka yi ta tafiya, idanun suna ƙara rufewa. Na hana ta zuwa kusa da kasko. Ta koma lalube, tana bin bango, tana ɗaga murfin ido da yatsa. Layukan tsakanin gira sun dawo, har sun fi da zurfi, amma yanzu ciwo ne ke matse su, safe da yamma a haɗe suke, ba abin da za ka karanta. Ga fuskar ta dawo, ga ta ba amfani. Ni kuma na yanke a raina cewa na gane manufarta: so take ta makance don in kasa tafiya, ba tare da ta buɗe baki ta roƙe ni ba. Abin ya ƙona mini rai. In zama take so, ai da ta ce da akuya, "A ce da waccan ta zauna," da an wuce wurin.

Wata safiya na fito na same ta tana laluben buta, ta yi karo da turmi har ƙafarta ta fashe. Na zaunar da ita, na kawo ruwan ɗumi ina wanke wurin cikin fushi. A rayuwata ban taɓa ɗaga mata murya ba, amma ranar na yi.

"Inna, wannan wace irin azaba ce? In don ni ce, ki kwantar da hankalinki, na fasa. Yau zan kira shi in ce ya nemi wata. Sai ki tashi mu je a buɗe maki ido."

Idanunta a rufe gam, fuskar a tattare. Na ci gaba da goge jinin. Sai na ji hannunta yana lalube a iska, ya sauka a kan kafaɗata, ya gangaro ya kama wuyan hannuna. Rabon da Inna ta riƙe hannuna, ni dai ban tuna ba.

"Safiyatu," in ji ta.

Na ɗauka wani ne ya shigo. Har na waiwaya na dubi zaure. Ba ta iya faɗinsa ba ma sosai, ta ja shi a hankali kamar mai taka tsani a karon farko.

"Kar ki yi magana, ki bari in gama, don ba zan sake ba. Tun da aka yi mani allurar nan nake ganinki kina leƙen fuskata kamar mai neman allura a rairayi. Na yi, na yi, wurin ya ƙi motsi. Na ce to sai dai baki. Amma in ina ganinki ba zan iya ba. Na gwada, da kin ɗago ido sai harshena ya mutu. Shi ne na ce bari in jira su rufe."

Ta numfasa. Hannunta yana da zafi, ga tabon ƙunar mai a gefensa.

"Mutumin nan na kirki ne. Na ga yadda ya cire takalmi tun daga waje, na ga yadda kike in ya yi waya. Ki tafi. Gidan nan zai yi mani faɗi, ba zan ɓoye maki ba. Duk cikin 'ya'yana ba wanda na saba da motsinsa kamar ke. Amma ban haife ki don ki tsufa a bakin kaskona ba. Na yafe maki duniya da lahira, ke ma ki yafe mani."

Na kifa kaina a kan gwiwarta na yi kukan da ban yi ba ko ranar da Isyaku ya rasu. Ta bar ni na yi, tana dafe da bayan kaina. Da ta ji na lafa, sai ta janye hannunta ta gyara ɗaurin kallabi.

"To," in ji ta, ta juya fuska wajen turken akuya. "A ce da Mansur ya kawo motar gobe. Ina so in ga tafiyar mutane da idona."

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Ranar tafiya ta rako mu har bakin zaure, abin da ba ta saba ba, idanunta a buɗe tar, fuskar nan sumul kamar ba a taɓa ɓata mata rai ba a duniya. Gwaggo Shatu tana kuka, Khairat tana kuka da goshinta da ba ya motsi, Sumayya ta zo daga Dutsi da goyo tana ta jan mayafina. Inna ta miƙa wa matar Mansur wani ƙullin leda mai ɗumi, ta ce, "A ba waccan. A ce kar ta buɗe sai sun wuce Zariya, in ba haka ba direba zai cinye."

Na karɓa, na durƙusa na ce, "Na gode, Inna." Ta kau da kai tana kallon tayar mota. Ban leƙa tsakanin girarta ba, ban duba gefen idonta ba. Na shiga na zauna, ƙulin yana ƙona mini cinya.